Maƙoshin Malam Haliru

Ku yaran yanzu masu shagon aski, kun tada janareto, kun jona inji, kuna bin kan mutum kamar mai sharar tsakar gida, sannan ku ce ai wanzanci ba wani abu ba ne, aska ce da sabulu. To, ban yi musu da ku ba. Ku dai gyara zama in ba ku labarin aikin da ya fi kowanne ba ni wuya tun da na fara rataya zabira, wanda kuma ban zubar da ko ɗigon jini a cikinsa ba.

A Kebbe aka haife ni, gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya koya mini sana'a. Shekara biyu ban taɓa kan mutum ba. Aikina in wasa aska a dutse, in goge ta a fata, in miƙa masa. Ya gwada ta a gashin hannunsa, in ba ta yi masa ba sai ya turo mini ita da ƙafa. Da na wuce nan sai ya ba ni ɗanyen duma, ya shafe shi da sabulun salo, ya ce in aske. Duma kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, duk inda ka ƙwarzane sai ya nuna. Daga duma na koma kan yara, daga nan ƙaho da tsaga, sai kaciya, sai askin jariri ranar suna. Can ƙarshe ne ya yarda na taɓa belu.

Belu shi ne ɗan naman nan da ke reto can cikin baki, saman maƙoshi. A wurinmu in mutum yana yawan tari, ko amai, ko haɗiya tana ba shi wuya, sai a ce belunsa ya sauko, a kira wanzami. Kayan aikin biyu ne kacal: ɗan itace mai faɗi na danne harshe, da 'yar aska mai lanƙwasasshen baki kamar lauje. Kafin ka ƙifta ido an gama. Na cire da yawa, ba zan ɓoye muku ba, har da waɗanda yanzu na san da an bar musu abinsu da ba abin da zai same su. Amma Baffa ya sha gaya mini in duba da kyau kafin in yanke, don abin da aska ta ɗauke ba ya komawa.

Askin Juma'a na gidan Malam Haliru gadonmu ne. Kakana ya aske kakansa, mahaifina ya aske mahaifinsa, ni kuma na gaji Malam. Babban malami ne, zaurensa ba ya rabuwa da magidanta masu ɗaukar karatun littattafai, wasu tun daga Fakku suke takowa. Kowace Juma'a da hantsi yakan kwance rawani ya aza a gwiwa, in dafa kansa. Ku lura da wannan. Duk girman mutum, wanzami yana dafa kansa ya juya shi yadda ya ga dama, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗora masa ƙarfe a wuya. Ɗan cikinsa ma bai isa ya yi haka ba.

A shekarun da Sakkwato ta zama jiha mai cin gashin kanta, kuɗin fetur suka shigo ana ta zuba kwalta da gina asibitoci, sai na fara jin kan Malam yana sauyawa a hannuna. Kai ba ya ramewa da wuri, sai jiki ya gama zubewa a ƙarƙashin riga sannan gefen goshi ya lotsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Askar da ta saba tafiya sumul sai ta fara haɗuwa da kwari da tudu, dole in riƙa jan fata da yatsa. Wata Juma'a ina gyara masa ƙasan haɓa, yatsana ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri a gindin wuya ta hagu. Ga kuma wani gwangwani da yashi a ciki ya samu wurin zama kusa da buzunsa, yana tofa yawu a kai a kai.

Na ce, "Allah gafarta Malam, mi ka faruwa?"

Ya ce, "Wanzam, tuwo ya yi man yaji. Na koma ga fura, ita ma ta fara gardama. Yanzu kunu nika sha, shi ma sai na lallashe shi."

Ba a yi sati ba Malam Sani, ƙanen Malam wanda ke riƙe da al'amuran gidan, ya aiko in zo da kayan belu. Na zaunar da Malam yana fuskantar rana, na danne harshe na leƙa. Belu ɗan ƙarami, fes da shi, kamar na yaron goye. Na sa aka kawo ruwa, na ce ya kurɓa ya nuna mini inda yake tsayawa. Ya kurɓa, ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙirji, ƙasa da inda wuyan riga ya ƙare. Muna kallo ruwan ya dawo. Sai na mayar da askar cikin zabira na ɗaure.

Na ce, "Malam Sani, belu lafiya lau shike. Abin ga can ƙasa shike, tsakar ƙirji. Askata ba ta kai can."

Ya ce, "Ubanka ya ɗebe ma ubanmu, bai tsaya dogon turanci ba. Kai mi kaka tsoro?"

Na ce, "Ba tsoro nika ji ba. Mutumen da ba shi haɗiyar ruwa, in na yi mai rauni ga maƙoshi, da mi za shi haɗiye jinin? A kai shi asibiti Tambuwal."

Ya karkaɗe rigarsa ya shige gida. Kashegari aka ɗauko wani wanzami daga wajen Dogon Daji. Ban zarge shi sosai ba. An ce masa belu, ya ga belu, ya yanke belu. Malam ya kwana biyu yana tofar da jini, maƙoshi ya kumbura, ɗan kunun da yake lallaɓawa ma ya koma sai an tsinka shi kamar ruwa.

Ni kuwa labari ya zaga gari cewa hannuna ya mutu, na ga maƙoshin malami na firgita. Abin ya faɗo daidai kaka. Gidajen da suka saba aiko mana da damin gero suka manta hanyar gidanmu, aka yi suna uku a unguwa ba a kira ni askin jariri ba. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Na koma bin kasuwar Tambuwal, in zauna gindin bishiya ina aske baƙi kamar marar gari. A nan ne na aske malamin asibitin garin, na ba shi labari ba tare da na faɗi suna ba. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan, kada a ɓata lokaci, a kawo mutumin ya rubuta masa takarda zuwa Sakkwato.

Juma'a huɗu ban taka zauren ba. A ta biyar Malam ya aiko da kansa. Na same shi jingine da bango, suma ta cika masa kai, don ya hana kowa ɗora masa aska. Muryarsa sai ka matso kake ji.

Ya ce, "Wanzam, kai kaɗai kat tambaye ni inda abin ga ya tsaya. Saura dut gaya man sunka yi. Kai ni inda kac ce."

Babban ɗansa, Alhaji Bello, ɗan kwangila ne a lokacin, yana da a-kori-kura sabuwa. Muka shimfiɗa katifa a baya, na zauna na riƙe kan Malam a cinyata har Tambuwal, muka karɓi takarda muka wuce Sakkwato.

Likitan da ya duba shi Balarabe ne, mutumin Masar. Aka ba Malam wani farin ruwa mai kauri kamar an dama farar ƙasa, ya yi ta fama ya haɗiyi ɗan abin da ya samu, aka ɗauki hoto. Likita ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mana. Farin abin ya sauko da faɗinsa, da ya kai tsakiyar ƙirji sai ya koma siriri kamar zare, daidai wurin da Malam ya ɗora yatsa. Da likita ya gane Malam yana jin Larabci sai ya ja kujera ya zauna, suka daɗe suna magana. Malam da bakinsa ya fassara mana hukuncin da aka yanke masa. Ciwon daji ne a hanyar abinci, ya yi nisa, ya wuce a yanka a cire. Ba za a warke ba. Amma ana iya buɗe hanyar ya koma haɗiya, in an haɗa aiki uku. Da farko a huda ciki a sa roba, a riƙa zuba masa abinci ta nan har ya yi ƙarfi. Sannan a kai shi Ikko a gasa wurin da wata na'ura don ƙarin da ya tsiro a hanyar ya motse. Bayan nan, in ƙunar ta lafa, a riƙa zura wata roba mai santsi ana faɗaɗa hanyar kaɗan-kaɗan.

Da likita ya fita Malam ya ce, "Larabcinai na kasuwa na, amma hankalinai na malamai na. Sai dai ni ba ni cin abinci ta cibiya awa ɗan tayi. A yi man gashin na'urar kaɗai."

Aka koma aka gaya wa likita. Ya girgiza kai, ya ce gashin yakan sa hanyar ta kumbura ta toshe gaba ɗaya kafin ta buɗe, in ba roba yunwa ce za ta riga ciwon. Alhaji Bello ya sunkuyar da kai, ba ya iya musu da mahaifinsa. Sai na ga in ban yi magana ba ba mai yi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na sha yi ma ƙaho. In na kafa ƙaho ban yi tsaga ba, mi ka fitowa?"

Ya ce, "Iska."

Na ce, "In na yi tsaga ban kafa ƙaho ba fa?"

Ya ce, "Ka ji man ciwo banza."

Na ce, "To haka wanga aiki shike. Hannu guda ba shi ɗaukar jinka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Yau wanzami ka ba ni karatu. A sa robar."

Sa robar bai ba likita wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai riƙa zubawa, don an ce mu koma gida wata guda Malam ya yi jiki kafin tafiya Ikko. Wata nas, 'yar kudu, ta kira Alhaji Bello ta koya masa, tunda shi ne babba. Ta ɗage rigar Malam. Alhaji yana ganin cikin mahaifinsa a buɗe sai ya juya fuska ga bango, ya sulale ya fita. Malam ma ya ja riga ya rufe. Nas ta yi ta faɗa, a ganinta rashin tausayi ne. Ba rashin tausayi ba ne, kunya ce. Ɗan fari ne, ko sunansa Malam ba ya faɗa, ina shi ina tsayawa a kan cikin uba? Ɗalibai kuwa ko ido ba sa haɗawa da shi. Uwargidansa ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na duba na ga duk Kebbe mutum ɗaya ne ya saba taɓa fatar Malam ba a ji kunya ba. Na naɗe hannun riga na ce wa nas ta nuna mini.

Zuba kunu a roba, ku da ke ganin komai sauƙi, za ku ce ai mazurari ne da kofi. Sau shida a yini nake yi. In wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Mazurari da ƙyallen tata a tafasa su kowane lokaci. Kunun gero a tace shi sau biyu a farin ƙyalle, don ɗan gudaji kamar ƙwayar dawa ya isa ya toshe robar. A ciki nakan kaɗa dafaffiyar madara, ko ƙwai, ko man shanu, wani lokaci romon kaza, wani lokaci zuma. In ɗiga a bayan hannuna in ji ɗuminsa, don ciki ba shi da harshen da zai ce ya yi zafi. Malam ya zauna a miƙe ya jingina da bango. In fara zuba ruwa kaɗan, sannan kunu a hankali, in ya yi saurin sauka in sassauto da mazurarin, in ya tsaya in ɗaga. In bi da ruwa, in lanƙwashe bakin robar in ɗaure, in goge gefen raunin da tafasasshen ruwan gishiri. Ba zai kwanta ba sai an jima. Malam bai taɓa bari na zuba ba sai ya yi bisimilla, kuma yakan ce in ɗiga masa kaɗan a harshe ya ji ɗanɗano ya tofar.

Ɗalibansa suka damu cewa ga rubutu suna yi masa, ba hanyar sha. Malam ya ce a wanke allon da tafasasshen ruwa, in tace, in zuba ta robar. Na riga na tambayi likita, ya ce in dai ruwan mai tsabta ne ba laifi. Haka muka haɗa, ba mu zubar da ko ɗaya ba. Kafin wata ya cika na ji gefen goshin yana cikowa a ƙarƙashin aska. Ba sai an ɗora shi a sikeli ba, ni na riga kowa sani.

Tafiya Ikko gwamnati ce ta ɗauki nauyi, a jirgin sama, ni da Malam da Alhaji Bello. Na hau da zabirata cike da asake, ba wanda ya tambaye ni. A can ne na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunya. Ranar farko ma'aikatan asibitin suka yi ta aune-aune, suka zana wa Malam layuka da gicciye-gicciye a ƙirji da wata tawada mai ruwan shuni. Sun yi wa Alhaji bayani da Turanci cewa kada a wanke. Shi kuwa maganar ƙirjin mahaifinsa ce, ya kasa buɗe baki ya gaya mini, yana ganin ai na ji. Juma'a ta zo, na ga bai dace malami kamar wannan ya shiga Juma'a da zane a jiki kamar allon yara ba. Na samu soso da sabulu na dirje shi tas, har ina yaba wa kaina.

Ranar Litinin matar da ke kula da na'urar ta buɗe rigar, ta ɗora hannu biyu a ka. Aka nemo wani ɗan Arewa mai gadi ya fassara mini faɗan, kuma bai rage ko kalma ba. Ashe na'urar ba ta da ido, tawadar nan ita ce idonta, da ita take gane inda za ta gasa da inda za ta bari. Aka sake awo daga farko, muka yi asarar kwana huɗu. Ni da ke zagin masu koyo in sun taɓa abin da ba su sani ba, ranar na gane wanzami ba ya son jarfa. Daga nan ko man shanu na yi niyyar shafa masa sai na tambaya, kuma da na tambaya aka hana.

Shi gashin na'urar kuwa da farko raina shi na yi. Ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, a kwantar da Malam ƙarƙashin wani ƙaton kan ƙarfe, kowa ya fita, a jima kaɗan a buɗe. Ba wuta, ba hayaƙi, ba jini. Ni da na saba sai na ga jini a ƙaho in san aiki ya yi, na ce a raina wannan wasa ne. A sati na uku na daina cewa haka. Fatar ƙirjin ta yi baƙi kamar an kara ta a garwashi, Malam ya koma ba ya iya zaman minti goma sai ya kishingiɗa, yawunsa ma ya ƙi wucewa ko kaɗan, gwangwani sai na zubar sau da yawa a yini. Ana cikin haka wani direban goro ya kawo saƙo daga Malam Sani, cewa a maido masa da ɗan'uwansa ya cika cikin danginsa, kada a bar shi ya mutu a hannun baƙi.

Malam ya sa aka karanta masa. Sannan ya ce, "Wanzam, an ce za a buɗe hanya, ga ta ta ƙara rufewa. Mai da ni gida in mutu ɗakina."

Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni na kawo shi. In ya cika a Ikko, ni da Kebbe sai dai labari. Amma na san in muka tashi a ranar, ya sha wuyar banza ke nan, zai koma gida da ƙuna ba tare da haɗiya ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tun Sakkwato likita ya faɗi za ta kumbura kamin ta buɗe. Don wagga rana anka sa roba. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma ni ban taɓa barin kanka rabi da rabi ba."

Ya ce, "Saura kwana nawa?"

Na ce, "Tara."

Ya rufe ido, ya buɗe. Ya ce, "To, zuba man kunu."

Muka cika kwanakin muka dawo Kebbe. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, suna fita suna ƙus-ƙus: ga roba nan, ga gwangwani nan, me aka je yi Ikko? Likitan Sakkwato ya ce mu yi haƙuri ƙunar ciki ta warke tukuna, ba ranar da aka yi shuka ake ganin tsiro ba. Malam Sani ba ya amsa gaisuwata sai da ka, amma bai hana ni shiga ba, kuma na lura shi ne ke zuwa rugar Fulani da kansa yana samo madarar safe.

In gaya muku tun yanzu, Malam bai warke ba, likita ma bai ce zai warke ba. Ya ga damina ta wuce, ya ga an yi girbi, sannan ciwon ya dawo ya tafi da shi, Allah ya jiƙansa. A tsakanin nan mun je Sakkwato sau biyu an faɗaɗa hanyar, ya koma shan kunu da tatacciyar fura da bakinsa, robar cikin tana cike abin da ya rage, ya kuma zauna a zaure ya sauke wa ɗalibansa littafin da suka tsaya a tsakiya. Abin da muka je nema ke nan, kuma ga yadda ya fara.

Juma'a ta biyar da dawowarmu ina aske masa wuya. Akwai abin da hannun wanzami ke koya da kansa, ba a koyar da shi da baki. In aska tana kan maƙogwaro mutum ya haɗiyi yawu, zakaran wuyansa yakan hau ya sauka, kai kuma sai ka ɗage aska kafin ya iso ta. Wata da watanni na Malam bai motsa ba. In yawu ya taru sai ya ɗaga yatsa, in tsaya, ya tofar. Ranar nan ina cikin jan aska sai na ga hannuna ya ɗage da kansa. Na tsaya ina kallon hannun, ban gane dalili ba. Sai na zuba wa wuyan ido. Can sai ga shi ya sake hawa ya sauka.

Na ce, "Allah gafarta Malam, mi kay yi yanzu?"

Ya ce, "Mi niy yi?"

Na ce, "Ka haɗiye yawu."

Ya waiga ya dubi gwangwanin, yashin ciki a bushe. Na yunƙura zan kira mutanen gida, ya riƙe mini riga.

Ya ce, "Kak ka kira kowa tukuna. Ɗebo man ruwa."

Na je randar zaure na ɗebo a moda na kawo masa. Ya karɓa da kansa, rabin fuskarsa duk kumfar sabulu. Ya yi bisimilla, ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a baki kamar mai shawara da shi, sannan ya haɗiye. Muka zauna muna jiran ya dawo. Ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙirji yana saurare. Na ji jaki ya yi kuka a waje ya gama, ruwa bai dawo ba. Ya sake kurɓa, ya sake, har sau uku. Hawaye suka gangaro suka yi hanya a cikin kumfar, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Ya ce, "Wanzam, shekara saba'in nika shan ruwan rijiyag ga. Ban san daɗi gare shi ba sai yau."

Ya miƙo mini modar ya ce, "Ƙaro."